Sulken Gwanjo da Layun Kawu

Shekarun baya, lokacin da nake ganin kaina a matsayin masanin kayan yaƙi alhali ko kaza ban taɓa yankawa ba, wani abu ya same ni a nan Makka wanda har yau ban manta da shi ba. Wasu daga cikinku da kuke bina a nan sun sha tambayata me ya sa nake lalube kowace rigar gwanjo kamar mai neman kwarkwata kafin in saya. Yau dai bari in faɗa muku.

Aikina na asali shi ne tsara fitar motocin alhazai a tashar Kudai. Lokacin Hajji ba ma sanin inda gadonmu yake, amma da zarar alhazai sun watse sai gari ya yi fayau, mutum ya rasa inda zai sa kansa. A irin wannan zaman kashe wando ne na faɗa wata sana'a da mahaifiyata ta raɗa wa suna haukan ƙarfe. Ina bin haraj, wato kasuwar gwanjo ta nan, ina sayen sulke da kwalkwali da garkuwa, irin waɗanda aka ƙera da hannu don kwaikwayon na mutanen da. Ba na tarihi ba ne, ba wanda ya taɓa zuwa yaƙi da su. Masu shagon hoto ne ke nemansu, da makarantu masu wasan kwaikwayo, da masu hali da ke son ƙawata majalisar baƙi. In na samu wanda ya lalace sai in gyara in sayar.

Gyaran kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa cikin juna. In ya yi tsatsa sai in zuba shi a jarka da yashi da ruwan kal, wato binega, in hau rufin gida in yi ta gangara jarkar da ƙafa har maƙwabta su leƙo su tambayi ko lafiya. Inda zobba suka zube kuma sai in naɗe waya a jikin sanda, in yanka, in riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya da filaya. Yatsuna duk sun yi kanta, amma ni ji nake kamar ni na ci garin da aka yi yaƙin.

Wata rana na ji labarin wani mai shagon hoto a Aziziyya zai rufe, domin tunda waya ta zo alhazai suka daina shiga shago ɗaukar hoto. Na je na tarar da kaya cikakku a jibge a lungu: sulke, kwalkwali, da lifidi, wato rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a saka a ƙarƙashin sulke don kada ƙarfe ya ci jiki. Ya ce wani maƙeri ne ya yi su a Sudan, wani alhaji ya zo da su ya sayar masa tun da daɗewa. Ban tsaya dogon ciniki ba na kwashe. Sulken na san yadda zan yi da shi, amma lifidin ya fi ƙarfina. Shafinsa ya yage, auduga na zubowa, fatar da aka bi gefensa da ita duk ta farfashe. Sai na nufi wajen kawuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma baduku ne. Yana da ɗan shago a bayan tashar Kudai wanda in ka shiga sai dai ka fito da baya. A nan yake ɗinke jakunkunan alhazai da bel ɗin harami da takalma. A goye aka shigo da shi ƙasar nan ta hanyar Chadi da Sudan, bai taɓa ganin Kano da idonsa ba, amma in yana ba ka labarinta sai ka rantse jiya ya baro ta. Mahaifiyata a nan aka haife ta, ta auri mahaifina mai takardun ƙasa, mu muka tsira. Shi kuwa Kawu tun da mutumin da ya tsaya masa ya rasu iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, aka yi ta fafutukar sabuntawa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Don haka ba ya son hayaniya, ba ya son taro, ko gardamar ƙwallo aka fara sai ya tashi. Burinsa ɗaya ne a duniya, kuma kowa a gidanmu ya san shi: ya mutu a Makka a yi masa salla a Harami.

Na shimfiɗa masa lifidin na ce, "Kawu, so nake ya koma kamar na asali. Sak irin na mutanen da."

Ya juya shi, ya shafa, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. "Sak ka ce, ya waladi?"

"Sak, Kawu."

"Tayyib. Ka dawo in an kwana biyu."

Da na dawo na ga aiki. Ya sake shafi, ya cusa sabuwar auduga, ya bi gefe da jar fata. Na haɗa da sulken da ya riga ya fito fes yana ƙyalli, na ɗauki hoto na saka a waya ina jiran yabo. Wanda ya fara magana shi ne mai gidan da muke haya, wani Balarabe ɗan asalin garin nan, dattijo mai son kayan da. A hawa na ƙasa yake zaune da iyalinsa da tsohuwar mahaifiyarsa. Ya saya, ya sa kafinta ya yi masa katako mai kafaɗu, ya tsayar da kayan a kusurwar majalisarsa. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa aikin ɗan sama ne, wato ni. Kaina ya kusa fin ƙarfin kwalkwalin.

Ba a jima ba tsohuwarsa ta yanke jiki ta faɗi. Shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da ita a asibiti. Mun je mun yi sannu kamar kowa, ban kawo komai a raina ba.

Ran nan bayan azahar ina kwance sai ga kiransa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Ka sauko dahin." Wato yanzu-yanzu.

Na tarar da shi tsaye a tsakiyar majalisa. An sauke lifidin an shimfiɗa a ƙasa a kan jarida, an yage shafinsa ta wajen ƙirji. A kan wani faranti kuma ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu an rufe shi da jar fata, kusa da shi ga abin ɗaukar garwashi, alamar ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Ina ganinsa na gane. Laya ce.

Ya ce matarsa ce ta zo kawar da kayan saboda masu zuwa dubiya, ta ji abu mai tauri a cikin audugar, ta farke. Kuma ba ɗaya ba ce, in ka shafa za ka ji su a jere har ƙasa.

Ku da kuke gida Najeriya da Nijar wataƙila ku ce laya ce kawai, ai ko jariri ana rataya wa. A nan ba haka ba ne. A nan in aka samu abu a ɗinke cikin fata an ɓoye a gidan mutum, sunansa sihiri, kuma magana ce ta hukuma da kurkuku. In kuwa mutum ba shi da takardu, bayan ya gama zaman gidan yari sai tarhil, a ɗora shi a jirgi a mayar da shi inda aka ce can ne ƙasarsa.

Mai gidan ya ce, "Abin nan ya shigo gidana, uwata ta faɗi. Na san mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na kira ka kafin in kira hukuma. Dubi zaren nan, sabo ne. Wa ya ɗinka?"

Na durƙusa na duba. Ɗinki ne mai zare biyu, ya ɗan karkata hagu. Da shi aka ɗinke mini jakar makaranta tun ina firamare, ko a mafarki na gan shi zan gane. Na ce masa ya ba ni lokaci in bincika. Ya ce liman zai zo bayan la'asar ya buɗe su, in zo da mai ɗinkin, in ba haka ba sunana zai bayar.

Ban san yadda na hau bene ba. Mahaifiyata na jin labarin ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

"Kada ka kama sunansa. Ka ce haka ka sayo."

"Umma, zaren sabo ne. Ya gani."

"To ka ce wani ɗan Indiya ne a haraj, ka manta shagon. Kai kana da jinsiyya, ɗan ƙasa ne kai, ko sun riƙe ka za su sake ka. Shi in suka ɗauke shi ina za su kai shi? Wa ya sani a can? Wallahi a filin jirgi zai mutu."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Kawu da kansa. Mutumin da ba ya rabuwa da sahun farko, wanda ya taɓa zane ni don na ɗaura wani zare a hannu lokacin jarrabawa, shi ne zai cika rigar mutane da layu? Na fita a guje na nufi shagonsa.

Na same shi yana manna wa wani takalmi dunduniya. Na rufe ƙofa na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Silifa ce."

"Wace silifa, Kawu?"

Ya nuna mini wani buhu a ƙarƙashin benci. Kowace shekara in alhazai sun bar Muzdalifa sukan bar silifas warwatse, wari-wari, Kawu kan je ya tsinto na facin takalma. Ya ce su ya yayyanka ya rufe da fata.

"Ba kai ka ce sak ba? Mahaifinmu ya ce a da ba mai saka lifidi tsirara, sai da layu a ƙirji. Sulken naka ma ai na ƙarya ne, sai na yi masa layun ƙarya."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce a ina yake tsammanin muke zaune, kuma me ya hana shi gaya mini. Ya ce ai a ciki suke, wa zai gani? Sannan ya ajiye basilla, ya goge hannu, ya ce in kai shi gidanmu, inda yake kwana, ya canza riga.

Muna shiga mahaifiyata ta tare ƙofa. "Yaya, don girman Allah ka zauna. Yaron nan zai san abin da zai ce."

Ya ce, "In ban je ba shi za su riƙe. Ni na ɗinka, ni zan je." Ya saka farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya wuce ta gefenta. Muna saukowa daga bene ya tsaya ya tambaye ni abu ɗaya, ko tsohuwar tana iya magana. Na ce a'a.

Limamin unguwarmu matashi ne mai natsuwa. Ya zo da reza da kwanon ruwa da aka zuba ganyen magarya. Aka zaunar da mu a gefe ɗaya, mai gidan yana ɗaya gefen da wayarsa a kan gwiwa. Kawu ya yi sallama bai samu amsa mai daɗi ba. Ya yi bayani da Larabcinsa mai ƙamshin Sudan, mai gidan ya ce ba ya son jin komai, a buɗe a gani.

Liman ya zaro layun daga cikin audugar ya jera. Ya ɗauki ta farko yana karanta Falaƙi da Nasi, yana tofawa, yana bin ɗinkin da reza a hankali. Ni kam na yarda da Kawu, amma zuciyata ba ta samu labari ba, bugawa take kamar za ta fito. Fatar ta buɗe. Wani ɗan guntun soso shuɗi ya faɗo a faranti ya yi tsalle.

Liman ya ɗauka, ya juya, ya sansana. Ya buɗe ta biyu, soso ne kore. Ta uku har da lambar girman takalmin a jiki. Na ga gemunsa ya fara rawa, yana ƙoƙarin ci gaba da karatu dariya na cinsa. Da ya kai ta ƙarshe ya kasa daurewa, ya ce wa Kawu, "Ya ammi, wannan sihirin sai dai a taka shi zuwa banɗaki."

Mai gidan ya rufe fuska da hannu. Ya tashi ya zo ya sumbaci kan Kawu yana cewa ya yafe masa, hankalinsa ne ba a jikinsa ba saboda tsohuwa. Ya ƙwala kira a kawo gahawa da dabino. Ni kuwa na jingina da bango, na fara tsara yadda zan ba mahaifiyata labarin har da gishiri. Aka zuba gahawa, na kurɓa, ban taɓa jin daɗinta kamar ranar ba.

Sai na lura Kawu bai sha tasa ba. Yana riƙe da ɗan kofin yana kallon lifidin da ke ƙasa. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Da saura."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafarsa.

Ya ce, "Akwai ɗaya a bayan wuya, ƙarƙashin fatar. Wannan ba tawa ba ce. A ciki na tarar da ita lokacin da na farke tsohon shafin. Ita ce ma ta tuna mini na yi sauran."

Mai gidan ya tsaya da butar gahawa a hannu. "Me ke cikinta?"

"Allah ne ya sani. Mu dukawa rufewa aka koya mana, ba ma buɗe abin wani. Na mayar da ita inda na same ta."

Na taɓa jin ana cewa jinin mutum ya daskare, ina ɗauka salon magana ne kawai, sai ranar. An riga an wanke mu, an ba mu haƙuri, ƙofa na nan a buɗe, takalmanmu na jiranmu a bakinta. Ba wanda zai taɓa farke wuyan rigar nan har abada. Ga tsoho kuma da bakinsa ya jawo mana abin da shi kansa bai san mene ne ba. Na ce masa da Hausa ƙasa-ƙasa, "Kawu, me kake yi haka?" Ko kallona bai yi ba.

Liman ya jawo lifidin ya farke fatar wuyan. Ga ta nan kuwa, ƙarama, baƙa ƙirin, ta bushe ta yi tauri, ɗinkinta daban da na sauran. Wannan karon ba dariya a karatunsa. Da ƙyar reza ta ci ta. Ina ta addu'a a raina Allah ya sa ko tsumma ne, ko kwali, ko ma babu komai.

Takarda ce ta fito, an ninke ta an sake ninkewa, ta yi ja don tsufa. Ya warware ta da bakin reza. Hatimi ne, gidaje-gidaje cike da haruffa da ba su haɗa kalma ba. A tsakiyarta kuma ga wani baƙin zare an yi masa ƙulli a jere. Liman ya yi a'uziyya ya janye hannunsa.

Mai gidan ya ajiye butar, ya koma mazauninsa, ya ɗauki wayarsa. Na fara zuba kamar rediyo, ina cewa daga Sudan kayan suka zo, ga mai shagon hoto nan a Aziziyya a je a tambaye shi, a dubi fatar ai ta girme ni, a dubi zaren. Ina haɗa Larabci da Hausa ban ma sani ba. Kawu ya ɗora hannu a gwiwata ya ce, "Halas, ya isa."

Mai gidan ya kalle shi ya daɗe. Sannan ya ce, "Kana da iƙama?"

"Ta mutu."

"Ka san abin da zai same ka in na buga wayar nan?"

"Na sani."

"To me ya sa ka faɗa? Na riga na sallame ka."

Kawu ya ce, "Mahaifiyarka na kwance. Ni ban san ko abin nan yana cutarwa ko ba ya yi ba, wannan sai malamai. Amma in na sha gahawarka na tafi na bar shi a gidanka, da wace fuskar zan shiga Harami?"

Liman ya jawo kwanon ruwan ya fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana karatu, ya jiƙa takardar har tawadar ta narke. Yana goge hannu ya ce, kamar da kansa yake magana, shi dai a iya saninsa bai taɓa ganin mai sihiri ya nuna inda ya ɓoye abinsa ba. Wayar na hannun mai gidan, babban yatsansa na kanta. Daga can ya ce, "Ku kwashe kayan nan daga gidana. Ku tafi."

Haka muka fito, ni da sulke a kafaɗa yana ƙarar ƙarfe, Kawu da yagaggen lifidi a hammata. Mai gidan bai ce ya yafe ba, bai ce ya fasa kiran hukuma ba. A kan bene na kasa haƙuri na ce, "Kawu, da ka yi shiru da yanzu muna cin abinci." Ya ce, "Kai da ka ci." Ya ci gaba da hawa yana dafa bango.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai mahaifiyata ta leƙa ta taga. Ta haɗa wa Kawu 'yar jaka da magungunansa ta ajiye a bayan ƙofa, don in an zo kada a tafi da shi hannu biyu. Na roƙe shi ya koma wajen wasu danginmu a bayan gari ya ɗan ɓuya, ya ƙi. Kullum sai ya buɗe shagonsa ya zauna yana ɗinki. In na haɗu da mai gidan a bakin ƙofa ya kan amsa sallama ya wuce, ban iya karanta komai a fuskarsa ba.

Sai wata safiya muka ji kuka daga hawa na ƙasa. Tsohuwa ta cika. Mahaifiyata ta yi salati ta kalle ni, na kalle ta, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, sunan mai gidan ya fito. Sai da ta kusa katsewa na ɗauka.

Ya ce, "Ina kawunka?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya, ta ƙi fitowa. Na ce yana shago.

"Ka zo da shi Harami. Bayan la'asar za a yi mata salla."

Har muka isa ban yarda ba tarko ba ne, ina ta waige-waige. Aka yi salla, aka ɗauko makara za a fita da ita. Mai gidan na riƙe da gaba ta dama, 'ya'yansa da ƙannensa sun kewaye. Ya hango Kawu a bayan mutane, ya miƙa hannu ya jawo shi ta hannun riga, ya matsa ya ba shi wurinsa. Na bi su a baya ina kuka, mutane na ba ni haƙuri suna tsammanin jikan tsohuwar ne.

Maganar layu ba ta sake tashi ba daga ranar. Sulken yana nan a ɗakina ban sake sa shi a kasuwa ba, mahaifiyata ta lulluɓe shi da tsohon zane don ta ce ba ta son su haɗa ido. Ban daina haukan ƙarfe ba, sai dai na koyi farke kowane shafi kafin kaya su kwana a gidana, na kuma koyi cewa in za ka ba tsohon baduku aiki ka auna kalamanka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba layar ba ce. Wannan ɗan lokacin ne da gahawa ke hannunmu, ƙofa na buɗe. Na sha mayar da kaina wurin ina tambaya, da ni ne na san da ta wuyan, me zan yi? Ba zan yi muku ƙarya ba, shanye gahawata zan yi in ƙara da dabino, in yi godiya in fita. Ina jin yawancinmu haka za mu yi, kuma ba wanda zai kira mu mutanen banza. Shi kuwa abu ɗaya tal yake so a duniya, kuma shi ya ɗauka ya ajiye a gaban mutumin da ke cikin fushi da baƙin ciki, saboda tsohuwar da ko gaisawa ba su taɓa yi sosai ba. Har yau in na tuna sai tsoro ya kama ni, sannan kunya ta biyo baya.

Kawu ya ƙara shekaru yana ɗinke jakunkunan alhazai a bayan tasha. Takardunsa ba su taɓa fitowa ba. Wata ranar Juma'a ya ce kansa na ciwo, ya kwanta a ɗakin mahaifiyata, bai tashi ba. A Harami aka yi masa salla, a Makka muka binne shi.